Farar Ƙasa Mai Rai

Rana ta yi ja a kan kogi, hayaƙin masu gasa bulo ya kwanta a Aljirif, Hansatu tana tsaye bakin kududdufin gonarta da buhu biyu na farar ƙasa. Gonar nan ita kaɗai Balarabe ya mutu ya bar musu, ita da 'yarsu Rabi. Shekara uku ke nan albasa tana fitowa rawaya, kifin kududdufin kuwa sai ya taso ciki sama. Wani malamin gona da suka sani tun suna zaune a yankin Jazira ya ce ƙasar ce ta yi tsami, ruwan ma haka, kuma maganinsu dutsen farar ƙasa niƙaƙƙe, a barbaɗa sannu sannu.

Niƙaƙƙen ya yi tsada a kasuwar Alhilla Kuku. Hansatu kuwa, ko me aka ce mata a kasuwa, rabi take tayawa, kuma ba a taɓa cin ta ba. Ta taya, ta juya baya, aka kira ta, ƙarshe ta ɗauko gasasshen da ya fi araha, wanda Larabawa ke kira jir hayy, wato mai rai. Fari dai fari ne, in ji ta.

"Yumma, magariba ce fa," in ji Rabi, don haka take kiran uwarta da Larabci. "Bari sai da safe."

"Ruwan zafi aka hana zubarwa da magariba. Wannan gari ne, sanyi ƙalau."

Ta zazzage buhunan, ko bisimilla ba ta yi ba. Ruwan ya yi shiru. Can sai ya soma tafasa kamar an hura wuta a ƙarƙashinsa, tururi ya tashi, daga cikin tururin kuma aka ji kukan jariri, sau ɗaya, ya ɗauke.

Tun daga ranar, da ladan ya kira magariba sai fararen duwatsu su fara sauka a tsakar gida, masu zafi, ba a ganin mai jifa. Tuwo ya koma ɗanɗanon alli. Rana ta bakwai Rabi ta faɗi a bakin randa. Yarinyar da rabin maganarta Larabci ne, sai ga ta tana Hausar tsofaffi, da muryar namiji.

Aka ɗauko Faki Idirisu, malami mai cire aljanu, daga Umdurman. Ya ce shi dole ya haye gada kafin dokar hana fita, sojojin ba sa jin uzuri. Ya zauna a kan buzu, ya yi ta karatu har gumi ya jiƙa masa rawani, sannan ya riƙe ɗan yatsan Rabi.

"Wane ne kai?"

Aljanin ya ce, "Tare da kakanninsu muka biyo hanyar hajji. Ban taɓa taɓa nasu ba. Ita ta dafa mini ɗa."

"Ba da sani ta yi ba. Me za a ba ka ka fita?"

"Gonar. Duka, har kududdufin. Kada ɗan Adam ya sake taka ta."

Faki ya juyo. "Ya Hajja, ki ce kin ba shi. Kada ki ƙara ko kalma."

Hansatu ta ji, wallahi ta ji. Amma ta tuna Balarabe da fartanya, ta tuna ba su da wani abincin, bakin nan nata kuma da ya saba ya riga zuciyarta.

"Duka? Haba! Na ba ka rabi."

Sai dariya ta fito daga ƙirjin yarinyar, a hankali.

"Faki, kai ne shaida. Ta ba ni Rabi. Na karɓa."

"Rabin gona nake nufi! Ɗauki duka! Ɗauki gidan ma!"

Muryar ta ce, "An sallama, Hajja. Ke kika fi kowa sanin ba a tayar da ciniki."

Yarinyar ta yi atishawa sau uku, ta lafe. Jifa ya tsaya daga ranar. Faki ya yi karatu har muryarsa ta dushe, babu wanda ya amsa. Ya naɗe buzunsa, ya ƙi karɓar ko sisi, ya kama hanyar gada.

Rabi ta farka. Tana ci in an ba ta, tana tafiya in an ja ta, amma kalmar Yumma ba ta sake fita daga bakinta ba. Kullum magariba sai ta nufi kududdufi, ta zauna, ta haɗa hannuwa a ƙirji tana jijjiga abin da ba a gani. Hansatu takan bi ta, ta tsaya tana roƙon ruwan. Ruwan ya kwanta garau, har kifi ya dawo.

A shekarar ƙasa ta yi daɗi, albasa ta yi kai irin wanda ba a taɓa gani ba a Aljirif. Dillalai suka zo da shirin faɗa, don sun san ta. Na farko ya taya ƙasa ƙasa, yana jiran ta zage shi.

Hansatu ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Ɗauka."