Wa Ya Ƙwaƙule Simintin Tsohuwar Makaranta?

Ranar Litinin da safe ɗan kwangila ya shigo caji ofis yana huci.

"Sufeto, an yi min ɓarna! Simintin da muka liƙe tsakanin duwatsun tsohuwar makaranta, wani ya ƙwaƙule shi."

Sufeto ya je ya duba. An cire simintin bango guda tsaf, an maye gurbinsa da kwaɓin farar ƙasa da yashi. Layi a miƙe, aikin hannu ɗaya. Sufeto ya kira maigadin makarantar.

"Maigadi, wa ka gani?"

"Ko kaza, ranka ya daɗe."

"To wa ke yayyafa wa aikin ruwa? Ga danshi."

Maigadi ya sosa ƙeya. Da ƙyar ya nuna gidan tsohon maginin da ya shekara arba'in yana kula da bangon.

Da Sufeto ya isa gidan, tsohon bai jira tambaya ba.

"Ni ne. Kama ni."

Sufeto ya miƙa masa cokalin gini. "Riƙe, Baba."

Hannun ya kama rawa, cokalin ya faɗi. Matar tsohon ta sunkuya ta ɗauka, ta goge bakin cokalin da babban yatsa. Yatsun duk sun tsage. Farar ƙasa ce ke cin fata haka.

"Inna, wanki ne ya yi miki wannan?"

"Wanki ne."

"Da yashi a farce?"

Ta ajiye cokalin. "Ni ce, ɗana. Hutun makaranta ne, na yi da rana tsaka. Siminti ya fi dutsen nan ƙarfi. Ruwa ya shiga, ya rasa mafita, sai dutsen ya dinga marmashewa. Farar ƙasa kuwa numfashi take. Tun da malam, mijina, ya ga an shafa siminti ya daina cin abinci. Ni na kwaɓa masa shekara arba'in. Ba zan rasa bango da miji a damina ɗaya ba."

"Doka doka ce, Inna. Mu je ki ba da bayani."

Ya buɗe mata gaban mota da kansa. Ta leƙo ta taga.

"A ce wa maigadi ya ci gaba da yayyafi, safe da yamma, kwana bakwai."

Sufeto ya rubuta.

Tsohon ya biyo ta da mayafi, ya shiga baya ba a gayyace shi ba.

"Layi na uku ya karkace," in ji shi.

"Kai ka riƙe zaren awon, malam," in ji ta.

Sufeto ya ta da mota. Wannan bai rubuta ba.