Kan da Mai Aski Bai Gani Ba

Mai Aski ya turo ƙofar falo ke nan ya ji dariya, kuma ba ta matarsa kaɗai ba. Muryar wani namiji ce ke fitowa daga wayarta, mai kauri, tana ƙyaƙyatawa kamar a gidan ubanta. Matar tasa, Malama, na kwance a doguwar kujera, kanta ɗaure tam da ɗankwali, har tana share hawaye. Rabonsa da ganin haƙoranta tun ranar da likita ya ce ciwon daji ne a nononta.

"Wane ne wannan?"

"Injiniya ne, Maigida. Ɗan guruf ɗinmu na waya na 'yan asibiti, tare ake ɗaura mana ruwan maganin nan, kemo. Zo ka ji yadda yake tsokanar ciwon daji..."

"Na ce a daina kiran sunan abin nan a gidan nan."

Ta kashe wayar, dariyar ta ɗauke. Shi kuwa ransa ya ɓaci. Kishi ne tsagwaronsa, ba shi da wani suna. Shi ke kai ta asibiti, shi ke wanke-wanke, amma dariyar ta wani ƙato ce!

Dokar ɓoye ciwon ba tasa ba ce, ta Yaya ce, babbar yayarsa wadda ta riƙe shi tun rasuwar mahaifiyarsu. Ita ta ce duk wanda ya tambaya a ce taifot ne, don akwai 'yan mata a dangi, kada a ce gado ne samari su gudu. Da ya kai mata ƙorafin wayar, sai ta tafa hannu.

"Ƙanina, anya kana da ido? Ta gama tallar sirrinmu ga baƙi, yanzu kuma hira da namiji? Karɓe wayar. In ta ƙi, ta koma gidansu ta yi jinyar a can."

Haka ya dawo yana huci. "Malama, zaɓi. Ko guruf ɗin nan ko aurena."

Ta dube shi, hawaye na bin kumatunta, sannan ta miƙa masa wayar da hannu biyu. "Ga ta. Amma Maigida, da wa zan yi maganar?"

Ya karɓa. Ya kai wayar shago ya kulle a durowa tare da rezoji. Gida ya yi tsit, Yaya ta ce yanzu aka yi tarbiyya. Malama ba ta yi ƙorafi ba, sai dai ta ƙara ramewa, ɗankwalin nan kuma ko barci ba ta cire shi.

Wata rana da hantsi wani dogon saurayi ya shigo shagon, tsaf da shi, yana ƙamshin turare. Ya cire hula ya zauna gaban madubi.

"A kwashe duka, Oga."

Mai Aski ya sa mataji, gashi ya biyo shi curi guda. Saurayin ya kwashe da dariya.

"Kada ka tsorata, kemo ce ta riga ka aiki. Ciwon daji nake fama da shi."

Wannan dariyar! Ko cikin kasuwa ya ji ta zai gane. Mai Aski ya ɗauki kilifar aski, ya dubi ƙeyar mutumin, ya dubi fuskarsa a madubi, ya ga har da kyau gare shi. Ransa ya ƙara ɓaci.

"Wa ya turo ka nan?"

"Wata Malama a guruf ɗinmu. Duk mazan da gashinsu ya fara zuba nan take turo su. Ta ce mijinta ne, duk garin nan babu mai saukin hannunsa." Injiniya ya ɗago ya dube shi ta madubi. "Ashe kai ne? To, Oga, sori, zan shiga abin da ba nawa ba. Nata gashin ma ya daɗe yana zuba. Ta ce burinta kai ka aske mata da hannunka, amma da ta buɗe baki sai ka ƙara sautin talabijin. Kwana biyu ba mu ji ta ba, lafiya take?"

Mai Aski ya sunkuyar da kai. Shi da ke gane sanƙo tun daga ƙetaren titi, kan matarsa ya zube a ɗaki ɗaya da shi bai gani ba. Kunya ta rufe shi, sannan tausayi ya biyo baya. Ya ƙarasa askin a hankali, ya buɗe durowa ya ɗauki wayar, ya haɗa da kilifa, ya rufe shago da rana tsaka.

A falo ya tarar da Yaya da wata maƙwabciya ta zo dubiya.

"Sannu Mai Aski, ya mai taifot?"

"Ba taifot ba ne, Hajiya. Ciwon daji ne. Tana karɓar magani, ku sa mu a addu'a."

Yaya ta miƙe. "Ka haukace?"

"A'a Yaya, da ne na haukace."

Maƙwabciyar ta riƙe hannun Malama. "Allah sarki! Ai ƙanwata ta yi shi, ga ta nan da ranta. Me ya sa kuka yi shiru?" Yaya ta koma ta zauna.

Bayan sun tafi ya shimfiɗa tawul a kafaɗar matarsa, ya kwance ɗankwalin da hannunsa. Abin da ya gani ya sa idonsa ya cika. Ya kunna kilifa.

"Faɗa min, Malama. Duk abin da kike faɗa musu."

"Ina jin tsoro, Maigida."

"Ni ma. Ci gaba."

Ta yi ta magana, gashi na sauka a tawul, shi yana saurare. Haƙurinta ya dawo mata da miji, shi kuma ya gane cewa mai ciwo yana neman kunne kamar yadda yake neman magani, in an hana shi a gida dole ya nema a waje.

Da ya gama ya ajiye wayar a cinyarta. "Ki gaida Injiniya. Amma in zai yi dariyar nan tasa, a rage sauti."

Malama ta shafa kanta, ta fashe da dariya. Wannan karon dariyar ta mijinta ce.