Kwalin Ƙarƙashin Motar Baba

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a Limancin Kona. Ita ke hura gawayi kullum da safe, kuma ba aikin da ta tsana kamarsa.

Babanta, Malam Inuwa, yana da wata tsohuwar mota da ta girme ta nesa ba kusa ba. Wata rana bakanikensa, Malam Ya'u, ya leƙa ƙarƙashinta ya ce, "Aksil ɗin nan na tsakanin tayoyin baya yana yoyo. Robar da ke tare man ta mutu. Shimfiɗa kwali ya kwana, za ka gani."

Baba ya shimfiɗa. Da sassafe yarinya ta tarar kwalin ya sha mai. Ta ɗauke, ta cusa a cikin gawayi, nan take wuta ta kama. Sai ta sa wani sabo a wurin. Kwana uku tana haka, tana jin ta yi wayo.

Kwana uku kuma Baba yana ganin kwali fes. Ransa ya ɓaci. Zai kai yarinya makaranta, ya biya ta gareji.

"Ya'u, ni za ka mayar sakarai? Ko ɗigo ban gani ba."

"Haba Malam, ni zan yi maka ƙarya?"

"Ka yi. Kada ka ƙara taɓa mini mota."

Mutane suka yi cirko-cirko suna kallo. Malam Ya'u ya sunkuyar da kai. Yarinya na cikin mota, ta ja bakinta ta yi gum.

Bayan mako biyu, daidai Ƙofar Doka, bayan motar ya fara kuka kamar injin markaɗe. Baba ya tsaya yana huci.

"Aikin Ya'u ne. Wani abu ya kwance mini. Yau sai kowa ya san shi macuci ne."

Yarinya ta fashe da kuka. "Baba, ni ce. Kwalin yana shan mai, ni nake hura wuta da shi."

"Kina zaune na ci mutuncin bawan Allah, kika yi shiru? Wannan ya fi ɗaukar kwalin ciwo."

Aka turo mota har gareji. Yarinya ta durƙusa a gaban kowa, ta faɗi abin da ta yi. Baba ma ya ba da haƙuri. Malam Ya'u ya ɗauko kayan aikinsa. Ya shiga ƙarƙashin mota, ya zare tsohuwar roba, ya buga sabuwa, ya ɗura man giya.

Da ya fito ya ce, "Saura kaɗan haƙoran aksil ɗin su cinye. Tashi, 'yata, ya wuce."

Tun daga ranar ta gane: idan ana zargin wani da laifinka, yin shiru ma zalunci ne.