Aljanin da Jarida Ta Raina

A shekarun da kuɗin fetur ke kwarara a Kano, gidan talabijin ya ba Dabo kyamara ɗaya da wata akwalar mota, aka ce ya riƙa shirin ban tsoro, kowane mako da sabon labari. Ko injin wuta ba a haɗa masa da shi ba. Shi ya sa aljanunsa duk da almuru suke fitowa, don a ci ɗan hasken da ya rage.

Akwai wani Iliyasu mai sharhi a jarida, bakinsa ya fi reza kaifi. Ya rubuta cewa aljanin Dabo takalmin roba yake sawa, yana kuma tari irin na mashaya taba. Abin da ya fi ci wa Dabo rai, gaskiya mutumin ya faɗa. Manaja ya ce in aka sake yi musu dariya, an rufe shirin ke nan.

Sai Dabo ya ɗauki Zakka mai kyamara suka nufi garinsu, Birnin Kudu, gindin duwatsun nan da in an buga suke amo kamar ƙarfe. Hambali, mai fitowa a aljani, zai taho daga Gwaram a babur da kayan shigarsa.

Rana ta yi ja, babu Hambali. Don haushi Dabo ya zaro jaridar ya karanta wa Zakka da ƙarfi, sannan ya dubi duwatsun.

"In akwai na gaske a nan, ya fito ya fitar da ni kunya mana."

"Malam Dabo, bari," in ji Zakka. "Ko a garinmu ba a irin wannan magana da magariba."

Jim kaɗan suka hangi mutum a bakin kogo, lulluɓe da baƙin zane. Dabo bai ji zuwan babur ba, amma haske na ƙarewa, ba lokacin tambaya.

"Ka makara, Hambali. Tako a hankali. Zakka, ɗauka."

Ya fara takowa. Ƙwas. Ƙwas. Kowane taku sai dutsen ya amsa da dogon amo mai shiga haƙori. Kwaɗin fadama suka yi tsit. Wani ƙauri ya taso, irin na ƙahon da aka jefa a wuta.

Daɗi ya kama Dabo, ya ɗauka Hambali ne ya samo kofato. Sai ya lura da gwiwoyin. Ta baya suke lanƙwasawa.

"Idona ya manne da kyamarar," Zakka ya raɗa. "Na kasa ɗagowa."

Can nesa, a hanyar Gwaram, ƙarar babur ta taso.

Abin ya tsaya dab da Dabo. Numfashinsa sanyi ƙalau kamar cikin randa.

"Na yi kyau?"

Dabo ya nemi addu'a a bakinsa, babu ko ɗaya. Ya gyaɗa kai.

"To, ka dawo ka faɗa mini abin da suka ce."

Dabo ya fizgi Zakka har da kyamarar. Suna gudu suna faɗuwa har bakin titi, inda suka yi kaciɓis da Hambali. Taya ce ta fashe masa a Farin Dutse. Baƙin zanensa na nan ɗaure a bayan babur.

Kafin gari ya waye idon Zakka na dama ya yi fari fat. Duk da haka ya ce a nuna, kada idon ya tafi a banza.

Aka nuna. Iliyasu ya rubuta cewa ko goyo ya san kofaton saniya ne aka tsinto a mahauta, tafiyar kuwa ta mai ciwon baya ce. Ya ce a duk aljanun Dabo babu wanda ya kai wannan rashin kama da aljani. Aka rufe shirin. Kaset ɗin aka shafe, aka ɗora jawabin buɗe wata masana'anta. Zakka ma aka sallame shi, wai me za a yi da mai kyamara mai ido ɗaya.

Dabo ya so ya haɗiye baƙin cikinsa ya yi shiru. Amma kowace magariba sai ya ji ƙwas, ƙwas, a bayan tagarsa a Kano. Da abin ya ishe shi, ya koma gindin duwatsun da jaridar a hannu.

Ya karanta tsaf, bai tsallake ko kalma ba. Da ya zo ƙarshe ya faɗi sunan marubucin, ya ƙara da unguwarsu da launin ƙofar gidansa, abin da babu shi a jarida.

Dutsen ya yi amo. Takun ya wuce shi, ya kama hanyar Kano.

Daga makon nan, shafin sharhin ya koma na tallar sabulu.