Kifin Baba Gwadabe

"Wannan ba kifin Baba ba ne, Yaya Lukman."

Yelwa ta ture kwanon farfesun, ta ɗora hannu kan cikinta ɗan wata bakwai. Lukman ya sunkuyar da kai. Shi dai ya manta ɗiyar masunci ya aura, harshenta ba ya ruɗuwa.

Tun da ta samu ciki, kullum da safe mahaifinta Malam Gwadabe yake aiko mata kifinsa na farko daga kogin Wudil. Ba mutum ne mai yawan magana ba, da kifin yake faɗa mata yana sonta.

"Na kiwo ne," in ji Lukman. "Na Baba kuwa... binnewa nake a bayan gida."

"Binnewa?"

"Ki saurare ni, rabin raina. Kin san aikina a jami'a, ɗebo ruwan kogi mu auna. Tun da sojoji suka sauka daga mulki, masu haƙar ma'adinai suka yawaita can saman kogi, suna wanke ƙasarsu a rafi. Mun samu gubar dalma a gurbin da Baba yake jefa taru, har a jikin kifin. Tana iya taɓa abin da ke cikinki."



"Shi ne ba ka gaya masa ba?"

"Da wane ido zan kalli surukina in ce kyautarsa guba ce? Na je har bakin kwale-kwalensa, muka gaisa, na tambayi ruwa, na tambayi gajiya... na dawo."

"Ni ka tsare ni. Matan da ke sayen sauran kifin fa?"

Wannan tambayar ce ta daɗe tana hana shi sukuni. Kunya ta rufe shi. Yelwa ta yafa mayafi.

"Tashi mu je. Ni zan fara magana, kai ka ƙarasa."

Malam Gwadabe yana ɗinkin taru ya saurare su har ƙarshe. Bai ɗago ba. Mutumin da yake cewa kifin kiwo abincin ragwaye ne, ya ci gaba da ɗinkinsa har suka tashi. Yelwa ta yi kuka a hanya, tana ganin ta raba ubanta da kogin da ya gada.

Washegari aka yi sallama. Ba aike ba ne, Malam Gwadabe ne da kansa, riƙe da baƙar leda.

"Lukman, jiya na tara masunta. In ka shirya kwalabenka, ni zan tuƙa ka, ka nuna mana inda za mu bari."

Sannan ya miƙa wa Yelwa ledar yana kallon gefe. Tarwaɗar kiwo ce, sayowa ya yi.

"Ba ta da daɗi, uwata," ya ce a hankali. "Amma ki daure ki cinye."