Akwatin da Ya Sha Muryar Rijiya

A shekara guda ta rasa miji, ta rasa jin kunnen hagu. Abin da ta samu shagon marigayin ne, inda shi da ƙaninsa ke ƙera akwatunan kiɗa na lantarki. Ƙanin ke zane, yayan ya liƙe wayoyi da dalma, ya ɗura sautukan da ya kamo da makirufo. Na akwatin ƙarshe, cikin wata tsohuwar rijiya ya kamo su.

Wani makaɗi ya taya shi dubu ɗari huɗu.

"Albarka," in ji ta. "Gumin mijina ba ruɓaɓɓen tumatir ba ne."

"Matar Yaya," in ji ƙanin, "bari in karanta miki takardar da ya manna a kai."

"Da bokonka nake cin abinci?" Ta ɓalle ta, ta ƙulle a haɓar zani.

Gab da magariba ta koma shagon ita kaɗai, don ba ta sayar da abin da kunnenta bai auna ba. Ƙaurin dalma na nan. Tabarau ɗin marigayin na kan tebur. Ta jona akwatin, ta murɗa maɓalli.

Da fari gunji. Sai ɗigar ruwa, ɗis, ɗis. Warin danshi ya danne ƙaurin.

Sai numfashi.

Ta fizge wayar daga bango. Jar fitilar akwatin ba ta mutu ba. Ruwa mai sanyi ya taɓa idon sawunta.

"Mijinki ya ɗauki muryarmu," aka raɗa a hagunta. "Me za ki bayar?"



Wani jiƙaƙƙen yatsa ya shiga kunnenta na hagu, ya tafi da jinsa.

Da rarrafe ta kai titi, ba takalmi.

Da safe shagon a bushe yake ƙayau. Ta miƙa wa ƙanin takardar tana kallon gefe. Sai da ya zagayo damanta ta ji shi: "Kada a kunna bayan la'asar."

Tun daga ranar, kafin rana ta yi sanyi take rufe shago. Da makaɗin ya dawo, ta fara sa shi ya karanta takardar sau biyu. Ya yi dariya, ya ce har yanzu yana so.

Ta juya masa kunnen dama.

"Ɗari huɗu da hamsin," ta ce. "Hamsin ɗin ta kunnena ce. Ɗauke shi yanzu."