Bari In Canza Zane

Ranar da aka gama rushe unguwarsu, mai hoto ya tsaya har bayan magariba yana ɗaukar abin da ya rage: ƙofa ba ɗaki, murhu ba wuta. Duk mutanen layin ya taɓa ɗaukarsu, daga tela har mai wanki, ban da mahaifiyarsa. Kullum ya ɗaga kyamara sai ta kare fuska tana dariya, ta ce, "Bari in canza zane tukuna." Haka har ƙasa ta rufe idonta.

Yana haɗa kayansa sai ya hangi wata tsohuwa zaune kan dakalin da ya tsira, kanta a sunkuye. Ƙura ta rufe ko'ina, amma babu sawun da ya kai wurinta.

"Sannu, Iya," in ji shi. "Ai kowa ya tashi."

"Ɗauke ni, ɗan nan."

Ya ɗaga kyamarar. Farin yadi ne a jikinta, sabo fil, babu ɗinki ko ɗaya.

Ta ɗago kai. Ba ta kare fuska ba.

"To, ga shi na canza."